SUNAN ARO

Shafi na 27

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami. Masu cika min waya da "ina shafin yau", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Kwana biyu babu wuta a unguwarmu, rabinsa a tsaye na rubuta shi a shagon mai caji. Ke kuma da kika ce na tsani Jelani, ki ji tsoron Allah. Ni ma tausayinsa nake ji, abin ne haka ya zo.

*

"Ruhe ƙohwar, Malam Jelani."

Ya tura ƙofar ta rufu, ya tsaya. Shekara goma sha shida a sashen leƙen asiri na soja ta koya masa kada ya zauna gaban shugaba sai an ce ya zauna, kuma wata uku a wannan ofis na Sama Road bai kankare masa ɗabi'ar ba. Ko da kuwa shugabar Fauziyya ce, wadda ranar da ya shiga soja tana aji biyu a sakandare.

"Zamna mana. Nan ba bariki na ba."

Ya zauna a bakin kujera, gefen jikinsa na kallon ƙofa.

Yau Litinin, yau wa'adin gwajinsa ya cika. Tun da asuba matarsa Rahama ta goge masa farar shadda da dutsen gawayi, ta ce mutum ba ya karɓar takardar tabbatar da aiki da yamutsattsiyar riga. Shi ma, in dai gaskiya za a faɗa, ya sa rai. Aikin kamfanin nan shi ne gaya wa 'yan kasuwa wace hanya ce ke da lafiya, wace rana ce ba a fita. Makon jiya ya rubuta rahoto cewa kada motar albasa ko ɗaya ta bi hanyar gabas ran Alhamis. Dillalai goma sha biyu suka ji maganarsa suka ajiye motocinsu. Alhamis ta zo, ɓarayin daji suka tare hanya daidai kwanar da ya ambata, tun hantsi har azahar, ba su samu ko buhu ɗaya ba.

To wa zai ce ba takardar aiki aka kira shi ya karɓa ba?

Fauziyya ta turo masa takarda guda. Ba ita ba ce.

"Wanga fom, kai kac cika shi?"

"Ni ne."

"Karanta mani layi na huɗu."

Bai buƙaci dubawa ba, amma ya duba.

"Sunan wanda aka yi hira da shi, Maigandi. Sana'a, sayar da albasa. Gari, Tungar Ɗinya."

"Lambar waya hwa?"

Ya ajiye takardar kan tebur.

"Sau tara na kira ta," in ji ta. "Da gaggawa rahoton yah hita ban tantance ba, tun Juma'a nike kira. Kullum sai a ce lambar ba ta aiki. Ka san ƙa'idar gidan ga, dut hirar da anka yi sai na kira mutum na ji da bakinshi cewa an yi ta. Na hwaɗa maka tun satinka na hwarko."

Ta faɗa kuwa. Yana tune, har da ƙaramin littafin da ta ba shi. Shi ne dai ya ɗauka irin maganar nan ce da ake yi wa sabon ma'aikaci don a cika ƙa'ida. A inda ya fito, ka kira majiyar wani, wato mutumin da ke kawo masa labari a ɓoye, abu ne da ko mai tauraro a kafaɗa ba ya yi. Ko tambayar sunan ma rashin ta-ido ne.

"Wane na Maigandi?"

"Babu shi, Hajiya."

Ta cire tabarau ta ajiye kan tebur a hankali.

"Sake hwaɗi."

"Babu wani Maigandi. Sunan aro ne. Garin ma ba nasa ba ne, na matsar da shi. Lambar kuma da ka na haɗa ta."

"Innalillahi." Ba da ƙarfi ta faɗa ba. "Ke nan ƙirƙira kay yi."

"Mutumin yana nan da ransa. Labarin gaskiya ne, kin gani da idonki ran Alhamis. Sunan ne kawai ba nasa ba."

"Don mi ba ka bar wurin ba komi?"

"Na bari. Kwamfutar ta ƙi karɓa. Na sa lamba a madadin suna kamar yadda muke yi can, ta ce sai haruffa. Sai na ba ta haruffa."

Da wani ne ya ba ta wannan labari a gidan biki, da ta yi dariya. Yanzu kam goshinta kawai ta dafe. Fankar sama na juyawa da ƙyar, iskar da take kawowa kamar daga bakin murhu. Zafin Sakkwato na watan huɗu ba ya sauraron kowa.

"Kuma duk sunayen duniya sai Maigandi mai albasa?"

"Haka ake yi. Sunan aro sai ya yi kama da na wurin, yadda wanda ya gani ba zai tsaya a kansa ba. Gabas ɗin nan ko'ina akwai Maigandi, kowa kuma albasa yake sayarwa."

Ya faɗi haka ne da muryar malami gaban ɗalibai. Shekara huɗu ya yi yana koya wa ƙananan sojoji wannan darasi, bai ma san muryar ta fito ba.

"Malam Jelani, bari in ba ka labari," in ji Fauziyya. "Bara waccan mun ɗauki wani. Munka tura shi ƙauyuka shi yi hira da mutum arba'in. Ashe Dundaye yat tsaya, ya samu inuwar mangwaro, ya cika fom arba'in da hannunshi. Sunaye masu daɗi, lambobi masu daɗi. Munka rubuta rahoto bisa ƙarya, mutane sunka hita bisa maganarmu. Direba ɗaya har yau da sanda shike tahiya. Saura kaɗan a ruhe gidan ga. Tun rannan Alhaji Bashar yar rantse, bayanin da ba ya da mai shi ba ya hita da sunan kamfaninshi."

"Nawa yana da mai shi."

"Ni ban gan shi ba. Abin da nig gani fom na ƙarya, irin na wancan sak. In gobe wani ya ce ku kawo hujja, mi za ni nuna? In ce tsohon soja na, ku yarda da shi?"

Ta fi shi gaskiya a nan, kuma ya sani. Abin da ya fi gajiyar da shi ke nan a rayuwar farar hula. Can, in ka ce "majiyata ta tabbatar", magana ta ƙare, aikinka na baya shi ke tsaya maka. Nan kuwa kowace kalma sai ta zo da ubanta a hannu.

"Na kai ma Alhaji maganar da sahe," ta ce. "Ya ce yana son aikinka, ba a taɓa kawo mai rahoto irin wanga ba. Takardarka na nan cikin durowa, ya sa hannu tun jiya. Amma sai ka ba ni sunan gaskiya da lambar gaskiya, in kira mutumen in ji muryarshi. Minti biyu. In ba haka ba, ka rubuta takardar ajiye aiki da kanka, ya hi a ce korarka anka yi kan fom na ƙarya."

"Zuwa yaushe?"

"La'asar."

Jelani ya kalli durowar. Katako ne mara fenti mai ƙaramin kwaɗo, taku biyu tsakaninsa da ita.

Mutumin da ake magana a kansa, shekara bakwai suna tare. Jelani ya ci tuwo a gidansa, ya san tarin da ke damun tsohuwarsa, ya san 'ya'yansa biyar da sunayensu. Gonarsa na bakin daji, ɓarayin na tsayawa rijiyarsa su sha ruwa su yi hira, shi kuma yana sunkuye yana ban-ruwa kamar kurma. Ranar da Jelani zai bar soja ya je ya yi masa sallama, mutumin ya riƙe hannunsa ya ce, "Ko ka tuɓe kaki, in na ji abin da za shi ci rai sai na kira ka. Kai dai ka riƙe mani suna." Kada ku tambaye ni sunansa a sharhi, ni ma ba zan faɗa ba.

"Hajiya, na taɓa rubuta sunan mutum sau ɗaya," ya ce. "Ina ƙaramin hafsa. A ɗan littafin aljihuna na rubuta, don kada in manta. Aka yi mana kwanton ɓauna, littafin ya faɗi a daji. Mahauci ne, yana da mata da jariri. Kwana tara aka yi."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta ce ya ƙarasa ba.

"Allah shi jiƙanshi," ta ce can. "Amma nan ohis na, ba daji ba. Ni kaɗai za ni kira."

"Haka ake cewa kullum."

"To. La'asar dai."

*

Ya yi sallar azahar a ƙaramin masallacin bakin titi, ya fito ya zauna kan benci ƙarƙashin dogon yaro. Mai abinci ta miƙo masa kwano kamar kullum, ya ɗaga mata hannu. 'Yan kabu-kabu na wucewa da gudu, kwalta na tururi.

Waya ta yi ƙara. Rahama.

"Abban Hadiza, an ba ka?"

Muryarta da fara'a. Yana jin ƙarar ludayi a bakin tukunya, ya san ta ɗora wani abu na musamman.

"Tukuna."

"Ƙaƙa tukuna?"

Ya gaya mata. A taƙaice, yadda ya saba, babu suna babu gari. Ludayin ya daina ƙara.

"To ka ba su mana."

"Ba zan iya ba."

"Mutumen ga ɗan'uwanka na?"

"A'a."

"Na san shi?"

"A'a."

"Dama. Wa nis sani?" Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekara goma sha ɗaya da aure, ban san garuruwan da kay yi zama ba. Na haihi Hadiza ba ka nan, na haihi Junaid ba ka nan. In waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai cikina shi ɗuri ruwa. Kac ce ka gaji, ka baro, nay yi sujada. Wata takwas kana yawo da takardu ohis-ohis. Kowa ya tambaye ka mi kay yi shekara goma sha shida, sai ka ce ba ka iya hwaɗi. Wa za shi ɗauki mutum haka, don Allah?"

"Na sani."

"Nan kaɗai anka ɗauke ka."

"Na sani, Rahama."

Ya san ma abin da ba ta faɗa ba. Wata takwas ɗin nan ba rashin abinci ne ya fi damunta ba, dangi sun rufa asiri. Shi ne ya dame ta. Mutum ya wuni a falo bayansa jingine da bango, yana ƙirga masu wucewa ta layi, yana tambayar yara wa ya tsayar da su a hanya, me ya ce, da wace riga. Har Hadiza ta fara laɓewa ɗaki in ta ji tarinsa. Aikin nan ne ya ba kansa abin taunawa, gidan ya samu iska.

"Wallahi na gaji," ta ce. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi. "Na gaji da raba ka da mutanen da ban san sunansu ba."

"Ni ma na gaji."



"Ka yi abin da za ka iya kwana da shi," ta ce. "Amma in ka dawo gida, don girman Allah kar ka koma zaman nan na kallon ƙohwa. Shi na ban iya ɗauka."

Ta kashe.

Ya jima yana kallon wayar. Lambar mutumin ba ta cikinta, a kansa take, lamba goma sha ɗaya da ko cikin barci zai iya jerowa. Minti biyu, in ji Fauziyya. Kuma Fauziyya ba muguwa ba ce, ya yi mata karatun wata uku, ya san ba ta da baki biyu. Ya gwada tunanin abin: wayar mutumin ta yi ƙara a gona, baƙuwar lamba, muryar mace 'yar birni tana kiran cikakken sunansa, wataƙila ɓarayin na tsaye bakin rijiya.

Ya koma ofis, ya yagi takarda daga littafi, ya rubuta layi uku da biro.  

*

Saura kwata a kira la'asar ya ƙwanƙwasa.

Fauziyya ta ga takardar a hannunsa, ta sauke numfashi.

"Haba Malam Jelani. Kana da iyali."

"Shi ma yana da su."

Ya ajiye takardar gabanta. Har ya juya, sai tsohuwar ɗabi'a ta ja shi baya. Ba ya barin wuri bai san inda takardunsa suka kwana ba.

"Tambaya ɗaya, Hajiya. Fom ɗin nan, ido nawa ya gan shi?"

"Ni da Alhaji." Ta ɗan tsaya. "Sai waɗanda munka aika ma rahoton."

"Rahoton aka aika musu, ba fom ba."

"Tare suke tahiya. Ana liƙa shi a baya, shahi na ƙarshe. Yana cikin yarjejeniya, mai biyan aiki sai ya ga hujja."

Jelani ya dawo ya zauna, wannan karon ba a ce masa ba.

"Kina nufin dillalai goma sha biyu sun ga sunan majiya?"

"Ai don su yarda da—"

"Ta ina aka aika?"

"Wasap."

"Daga nan ina ya je?"

Ta ɗauki wayarta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Karon farko ke nan da ya ga hannunta ya rasa abin yi.

"Ran Juma'a sun ji daɗi ƙwarai," ta ce a hankali. "Ɗaya cikinsu yas sa shi zauren direbobi na Wasap, wai su ga aikin da yat tsirar da su. Har Alhaji anka turo ma, yana ta murna, ya ce talla ta kyauta ta."

"Mutum nawa ne a zauren?"

"Ɗari biyu da wani abu."

Ya rufe ido. A wurin da ya fito, shafin majiya ba ya barin akwatin ƙarfe. Rahoto ya tafi sama, shafin ya zauna, makulli biyu a hannun mutum biyu. Ko a mafarki bai taɓa kawo cewa akwai inda ake liƙa shi a baya a miƙa wa mai saye ba, shi ya sa bai tambaya ba.

"Hajiya, cikin direba ɗari biyu, nawa ne ke kwana a tashoshin gabas? Nawa ne ke miƙa wa yaro waya ya kai caji? Kina jin ɓarayin nan ba su da mai karanta musu? Sun wuni a rana ran Alhamis ba su samu komai ba. Abin da za su fara nema shi ne bakin da ya yi magana."

Ya ɗora yatsa kan fom ɗin.

"Da sunan gaskiya na rubuta a layi na huɗu, da yau kwanansa uku a ƙasa."

Allah Ya yafe masa, sai da ya ji wani ɗan sanyi a ransa da ya faɗi haka. Wata uku ana nuna masa yadda ake buɗe manhaja, ana gyara masa rubutu da jan biro, yaran da ya girme su nesa ba kusa ba suna ce masa "ba haka ake yi nan ba". Yau dai ga abu ɗaya da ya fi su sani.

Fauziyya ta daɗe tana kallon fom ɗin. Sannan ta sa yatsa ta turo masa takardar ajiye aikin.

"Ɗauke wagga."

"Hajiya?"

"Ɗauke, nic ce. Za ni ga Alhaji bayan salla. Ban yi maka alkawari ba, ka san shi da rantsuwa. Amma shahin nan ba ya ƙara hita gidan ga in dai ina nan. Ka zamna ka tsara muna yadda kuke yi da lambobin nan, a gyara kwamfutar ta karɓa." Ta mayar da tabarau. "Ƙaryarka ta yi rana, ban so ba amma ta yi."

Ya ninke takardar ya sa aljihu. Bayansa ya samu jikin kujera, ya ji wata gajiya mai daɗi na saukowa daga wuya zuwa ƙafa. Ya fara tunanin yadda zai gaya wa Rahama, da ko abin da ta dafa bai huce ba.

Aka ƙwanƙwasa.

Mai gadi ne, dattijo, ya leƙo da kai.

"Ranki shi daɗe, wata baiwar Allah ta na bakin get tun azahar. Na ce ba a ganin kowa sai da alkawari, ta ƙi tashi. Ta ce wani Jelani take nema."

Jelani ya miƙe zaune.

"Shigo da ita," in ji Fauziyya.

Mace ce da ba ta wuce talatin da biyar ba, da goyo a baya, hijabinta ya yi ja da ƙurar hanya. Ta cire silifas a bakin ƙofa. Aka nuna mata kujera, ta durƙusa a ƙasa. Hannunta ɗaya da ninkakkiyar takarda, ɗayan da ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da roba.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Fauziyya. "Mi as sunanki? Daga ina?"

"Hajjo. Daga Tungar Ɗinya."

Jelani ya kalli fom ɗin da ke kan tebur, matar kuwa ta ɗaga kai ta dube su.

"Wane na Jelani cikinku?"

"Ni ne."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ba da fushi ba, kamar mai son ta riƙe kamanninsa. Ta warware takardar ta shimfiɗa a ƙasa. Shafin ƙarshe ne na rahoton, da tambarin kamfani da adireshi a sama, da sunansa a ƙasa wurin wanda ya yi hira. An zagaye layi na huɗu da biro har takardar ta kusa hujewa.

"Ƙanena direba na. Shi yac cire mani ita daga waya nan Gidan Igwai, shi yak kawo ni bakin ƙohwarku. Ni ban yi boko ba. Ya ce nan wurin," ta ɗora yatsa kan zagayen, "sunan maigidana na."

"Mi as sunanshi?" Fauziyya ta tambaya, muryarta ta shige ciki.

Hajjo ta sunkuyar da kai. Ko a irin wannan rana bakinta bai iya kiran sunan miji ba. Ta ƙara danna yatsa kan takardar.

"Shi na. Uban ɗiyana. Albasa shike saidawa, shi kaɗai am mai sunan ga garinmu."

Fanka ta tsaya. An ɗauke wuta, babu wanda ya lura sai da ɗakin ya yi tsit.

"Jiya da hantsi sunka zo bisa babur huɗu," ta ce. "Sunka ishe shi rumbun albasa. Ɗaya yac ciro waya yak karanta sunanshi da garinmu gaban mutane. Yana rantsuwa, yana cewa bai san kowa birni ba, bai taɓa hira da kowa ba. Wallahi Malam bai taɓa ba. Mutumen da ko kasuwar Sakkwato sai an raka shi. Sunka ɗaure mai hannu da rawaninshi, sunka tahi da shi."

"Yana da rai?" Jelani bai gane muryarsa ba.

"Da sahe sun kira, sun ba ni shi na ji muryarshi."

Ta gyara goyon da ya fara motsi.

"Malam, ina kas san shi?"

Ya buɗe baki. Shekara goma sha shida yana amsa tambayar manya ba tare da ƙifta ido ba, ya zauna gaban mutanen da ke da bindiga a cinya ya yi musu ƙarya suka yarda. Yau ga mace durƙushe ba takalmi, ya rasa kalma ɗaya.

"Ban san shi ba," ya ce da ƙyar. "Ban san akwai shi ba."

"To ƙaƙa sunanshi yaz zo takardarka?"

Fauziyya ta juya fuska wajen bango.

"Ba su nemi kuɗɗi ba," Hajjo ta ci gaba, da ta ga ba amsa. "Na ce a sai da gona, sunka ce ba su so. Babbansu ya ce tunda yana ta rantsuwa ba shi na ba, to in taho birni in nemo wanda yar rubuta. In ba shi na ba, mai rubutun ya san ko wane na. Shi hwaɗi, su sako mani shi. In bai hwaɗi ba kahin rana ta hwaɗi, to shi na."

Daga masallacin bakin titi ladan ya ɗaga murya, la'asar ta yi.

Wayar hannunta ta ɗauki ƙara. Ta duba, ta rarrafo da gwiwa har gaban kujerarsa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Su na, Malam. Ɗauki."

Ya karɓa. Wayar da ɗumin hannunta. Ya danna, ya kai kunne.

Iska ce ta fara shigowa, da kukan akuya can nesa, da numfashin wani mutum kusa-kusa mai fita da ƙyar. Sannan wata murya ta yi magana, a natse, kamar mai tambayar farashin buhu.

"Kai na mai rubutun? To ga shi nan durƙushe gabana. In ba shi na ba, hwaɗa mani, wane na?"